Ƙofar da Baba Ya Fesa Sau Biyu

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ni ban ga jana'izar ba, muna cikin gida da mata, amma Yaya ya ce motoci sun toshe layinmu na Karmo, a gefen Abuja, tun daga bakin gareji har wajen masu katako, sai da aka ɗaga makara sama aka ratsa da ita ta tsakaninsu. Yawancin waɗanda suka zo da motocin ba masu su ba ne. Direbobin Maitama ne, unguwar masu kuɗi, kowa ya saci awa ɗaya daga aikin ogansa ya zo ya yi wa mai fenti salla.

Kwana ukun zaman makoki na ji maganganu iri-iri. Goggo, yayar Baba, tun da ta sauka daga motar Zariya take faɗa tana kuka. Wai mutum ya ƙare rayuwarsa yana shaƙar tina, ruwan sirka fentin nan, an ce ya bari ya ƙi, ga shi nan ƙirji ya kai shi. Wani dattijon direba ya tsuguna a bakin zaure ya ce a gaya wa Inna, da ba don mijinta ba da tuni ya koma ƙauye yana noman dawa. Sai ɗan Ibon nan mai sayar da fenti, wanda ya fi shekara ashirin yana hulɗa da Baba, ya tsaya daga bakin ƙofa da hula a hannu.

"Mama, sannu. Wannan mutuwa ya taɓa ni," ya ce wa Inna. "Baba shi ne ido na duka wannan layi. In na haɗa fenti zuciyana bai kwanta ba, wurinsa nake kawo. Yanzu wane ne zai gaya mana ya yi ko bai yi ba?"

Kowa ya buɗe baki idon Baba yake yabo. Ni kuwa ina gefe da carbi a hannu, kowane yabo sai in ji kamar an tsikare ni da allura. Akwai ranar da mai idon nan ya kira ni, ni kaɗai cikin jama'a, ya nemi in gaya masa gaskiya, na hana shi. Ina rubuta wannan ne don jikokinsa su san waye kakansu, amma ba zan rubuta rabi in bar rabi ba.

Baba ya zo Abuja tun ana share daji. Da fentin gini ya fara, daga baya ya koma na mota, ya kafa rumfar kwano a gaban gidanmu ya sa injin iska da bindigar feshi. Da farar hula suka dawo mulki gari ya cika da kuɗi da gine-gine da motocin tokumbo, aiki ya yi masa yawa har yana mayar da wasu. A shekarun nan kamar an haɗa baki, kowa motarsa ruwan azurfa ce ko ruwan gwal ko toka mai ƙyalli. Masu fenti suna son farar mota da baƙa, don ba su da rigima. Mai ƙyallin nan kuwa ita ke tona asirin mai fenti, kuma ita ce ta yi wa Baba suna.

Yadda yake bayani, fenti mai ƙyalli yana da wasu ƙananan ƙwayoyi a ciki kamar garin azurfa, kuma yadda suka kwanta a jikin mota shi ke ba da launin. In ka matso da bindiga ka jiƙa wurin da yawa, ya yi duhu. In ka ja hannu baya fentin ya sha iska kafin ya sauka, ya yi haske. "Gwangwani ɗaya, mutum biyu, launi biyu," haka yake cewa. Shi ya sa ba ya taɓa yarda wani ya fesa gwaji wani ya fesa mota.

Gwajin nasa kuwa abin kallo ne, in ba kai ne mai jiran motar ba. Yana da gutsattsarin kwano da ya yanka kamar tafin hannu, cike da wani tsohon bokiti. Sai ya fara wanke wani wuri a jikin motar ya goge shi tas har ainihin launin ya fito. Ya juya fentin da sanda ya daɗe yana juyawa, wai ƙwayoyin malalata ne, ƙasa suke gudu su kwanta. Ya fesa a kwano ɗaya, ya bi shi da ruwan sheƙi na sama, ya jira ya bushe. Sannan a turo mota fili. Ya kara kwanon a jikin ƙofa ya duba gaba da gaba, ya tsuguna ya duba ta gefe, ya ja da baya har bakin kwata ya sake dubawa. In bai gamsu ba ya ɗiga baƙi ko shuɗi ko rawaya da tsinken tsintsiya, ɗigo ɗaya tak, a sake sabon kwano. Na ga ranar da ya fesa kwano goma sha ɗaya saboda ƙofa guda.

Kuma duk wannan da hantsi ake yi. Ba ya duba launi a ƙarƙashin rumfa, ba ya dubawa da tsakar rana, ba ya dubawa da yamma. In hadari ya rufe gari to ranar ba aikin launi, ko motar waye. Inna takan ce ta auri mutumin da rana ce ogansa.

Dattijon direban da ya ce da tuni ya koma ƙauye, na tuna lokacin da ya fara zuwa. Damina ce. Ya goga motar matar ogansa a jikin ƙarfen get, ogan kuma yana ƙasar waje, saura kwana huɗu ya dawo. Aka buga wurin aka cike aka goge a rana ɗaya, sai sama ta rufe. Kwana biyu ba rana. Mutumin nan ya roƙa, ya haɗa Baba da Allah, har da hawaye, ya ce a fesa ko yaya ne. Baba ya ce in ya fesa a wannan duhun, madam za ta gane tun daga saman bene, gara a bar tabon a yadda yake. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta riƙa zuba tuwo da shi. Rana ta uku gari ya waye tas, Baba ya yi gwajinsa ya fesa, ya shigar da sabon fentin cikin ƙofar da ke kusa a hankali yadda ido ba zai kama inda ya tsaya ba. Da direban zai tafi ya tambaya, to in oga ya yi magana fa?

"In ya tambaye ka kada ka yi masa ƙarya," in ji Baba. "In bai tambaya ba, to aikina ya yi kyau."

Ogan bai tambaya ba. Mutumin ya ƙara shekara tara a gidan.

Ba zan ce Baba mai sauƙin zama ba ne. Yana da taurin kai, kuma in ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, shiru yake yi, shirun da gara a zage ka. Yaya ne ya fi kowa ɗanɗana wannan. Yaya ya yi shekara biyu a wani babban gareji a cikin gari, inda na'ura ke haɗa fenti da lambar da ke jikin mota, ya dawo yana ganin bokitin kwanon Baba kamar kayan tarihi. Wata rana Baba ya tafi ɗaurin aure Suleja, aka kawo wata jif ruwan gwal da aka buge mata gefen gaba. Yaya ya karanta lamba, ya aika aka haɗo, ya fesa, ya zauna yana jiran yabo.

Baba ya dawo ya zagaya motar sau ɗaya. "Ina kwanon gwaji?"

"Ba a buƙata, Baba. Lambar kamfani ce, ba ta kuskure."

"Lambar ta san motar nan ranar da ta fito daga kamfani. Ta san shekarun da ta yi tana shan ranar Abuja?"

"Baba, zamani ya wuce aikin ido," Yaya ya ce, a gaban mutane.

Baba ya juya ya shige gida. Washegari da hantsi ya sa aka turo jif ɗin fili, ya ce Yaya ya je bakin kwata ya waiwayo. Ni ma na leƙo ta taga. Gefen da aka fesa ya yi kyau, har ya yi kyau da yawa, ya fito fes a jikin tsohuwar mota kamar sabon haƙori a bakin tsoho. Baba ya ɗauki samfefa ya miƙa wa Yaya, Yaya ya ƙi karɓa, sai Baba ya durƙusa ya fara kankare aikin da hannunsa. Yaya ya tattara kayansa ya bar gidan wata huɗu. Inna ce ta yi ta kai da kawo har ya dawo ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya kuma rantse ba zai sake musu da Baba a kan launi ba har abada. Abin dariyar, bayan nan Baba da kansa ya koma fara haɗi da lambar, sannan ya ƙarasa da ido. Bai taɓa cewa daga wajen Yaya ya ɗauka ba, mu ma ba mu taɓa tuna masa ba.

Ni tela ce, kuma ta nan na shiga harkar. Ɗakin ɗinkina yana kallon rumfar. Wata rana Baba ya ji ina faɗa da wata mata da ta kawo shadda kala ɗaya daga kanti biyu ta ce in haɗa mata riga da zani, na ce a ɗaki ɗaya ne, a rana ba ɗaya ba ne. Ta ce ƙarya nake, muka fito waje, ta gani da idonta. Bayan ta tafi sai ga Baba a bakin ƙofa da kwano biyu a hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, zo ki duba mini."

Na nuna na hagu. Ya ce me ya sa, na ce na dama in an karkata shi yana yin kore-kore. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ashe a ɗakin mata idon ya faɗa. Tun daga ranar, duk sanda kwano biyu suka rikita shi ni yake kira. Mazan gareji suna dariya, ko a jikinsa. Yakan ce musu, "Ku kun san wahalar da aka sha, shi ya sa kuke son ya yi. Ita abin da ta gani take faɗa." Akwai ranar da na ce masa bai yi ba har sau uku a jere. Ya yi tsaki ya ce wannan uwa tawa ba ta da tausayi, amma ina ganin murmushi a gefen bakinsa. Ban taɓa jin daɗin wani yabo a duniya kamar wannan tsakin ba.

Na yi aure na koma Kurudu, zuwana gida ya zama sai ƙarshen mako. Shi ya sa ban lura da wuri ba. Inna ce ta fara ba ni labari tana dariya, wai Baba ya tuhume ta da rowar bula, ya ce fararen rigunansa duk sun koma rawaya. Ta ƙara bula har rigunan suka yi shuɗi, ya ce yauwa, yanzu suka yi fari. Muka yi dariya mu biyu. Daga baya na ga yana kare ido da hannu ko rana ba ta yi zafi ba, yana kai kwanon gwaji kusa da hanci. Na ce ko za a je a duba idon, ya ce idon da ke ciyar da gidan nan ba ya buƙatar likita.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, mai sanyin hali. Lokacin da aka sayar wa ma'aikata motocin ofis ya samu wata ruwan azurfa, yana ji da ita kamar me. Wata tifar yashi ta goge masa ƙofar baya a hanyar Karu. Don kunya ya so ya kai wani wuri a ɓoye, kada a ce ya ɗora wa suruki aiki. Labari ya kai kunnen Baba, ya aiko cewa in motar gidan 'yarsa ta shiga garejin wani, to kada a sake gaishe shi. Aka kai mota. Ya ce ba wanda zai taɓa ta, shi zai haɗa, shi zai fesa.

Ranar Asabar da hantsi muka je ɗauka. Tun daga bakin layi na hango ta a fili. Duk motar ruwan azurfa ce mai ɗan ɗumi, irin wadda rana ta dafa, ƙofar bayan kuwa ta yi shuɗi-shuɗi, ta fita daban kamar an aro ta daga wata motar. Maigidana ya cire takalmi ya durƙusa can nesa ya gaida Baba, kansa a ƙasa. Shi ko da ƙofar ja aka fesa ba zai iya ɗaga ido ya ce wa suruki komai ba. Yaya yana naɗe tiyon iska, yana naɗewa yana warwarewa, ya ƙi kallon kowa.

Baba ya fito yana goge hannu da tsumma, fuskarsa a sake. Ya rame a shekarar, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Na tambayi waɗannan sun ce ya yi," ya ce. "Amma su ko me na yi ya yi ne. Uwata, zo ki duba mini."

Na matsa. Yaya ya ɗago ya dube ni, kallon roƙo. Na dubi hannun Baba da fenti ya shiga duk tsagun fatarsa. Na tuna mutumin nan ba shi da gona, ba shi da kanti, ba shi da wani abin da yake taƙama da shi a duniya sai wannan ido. Na ji ba zan iya zama wadda za ta karɓe shi a gaban surukinsa ba.

"Ya yi, Baba."

"A'a, kada ki yi mini sauri. Tsuguna ki duba ta gefe."

Na tsuguna. Ta gefe abin ya fi muni.

"Ya yi," na sake cewa.

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Wallahi da na fara zargin idona. Na ce in kika ce bai yi ba, Litinin zan bi yayanki asibiti."

Da na buɗe baki a lokacin, da komai ya canza. Kalma uku ce kawai, bai yi ba. Amma na riga na faɗa sau biyu, kuma yana ta murna yana shafa ƙofar, sai na haɗiye. Ni da maigidana muka ɗauki motar muka koma Kurudu.

Shekara ɗaya da wata biyu Baba ya ƙara yana aiki da wannan idon, kuma da ƙarfin maganata yake yi. In wani ya ɗan yi gunaguni sai ya ce uwata ta duba ta ce idona lafiya lau. Yaya ya riƙa sake wasu ayyukan a ɓoye in Baba ya yi tafiya, wasu kuma suka fita a haka. Direbobin Maitama ba su yi masa rashin kunya ba, sun dai riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, su zo gaisuwa a ƙafa, motar kuwa ta tafi wani wuri. Ɗan Ibon ma ya daina kawo gwaji, kullum wai shago ya riƙe shi. A layin aka fara cewa tsohon ya gama. Baba ya ɗora laifin a kan na'ura, ya ce mutanen yanzu ba sa son aiki mai kyau, sauri suke so. Ni kuwa kullum na fito tsakar gida ƙofar nan ce ke fara gaishe ni. Abokan aikin maigidana suna tsokanarsa da mai ƙofar aro, bai taɓa kawo mini ƙorafi ba, bai kuma yarda a sake ta a wani wuri ba. Na rage zuwa Karmo don kada a ce in duba wani abu. Baba ya yi ta aike yana cewa uwarsa ta yi masa yaji.

Abin da ya kai shi asibiti a ƙarshe ba launi ba ne. Matakalar masallaci ya kuskure ya faɗi ya fasa gwiwa. Inna ta ce ko ya bi Yaya asibitin ido ko ita ta tafi Zariya, ya zaɓa. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ta daɗe, kuma irinta tana sa mutum ya riƙa ganin komai da rawaya-rawaya, shuɗi kuwa ya ɓace masa. Nan na gane abin da ya faru da ƙofarmu. Yana ganin haɗin ya yi rawaya, yana ta ɗiga shuɗin da ba ya gani.

Aka yi aikin ido ɗaya, aka ce washegari da safe za a cire bandeji. Mu muka je ɗauko shi, ni da maigidana. Wallahi ko kaɗan tunanin motar bai zo mini ba, hankalina duk yana kan ko zai gani. Da aka cire, ya ƙyafta ya ƙyafta, ya dubi rigar ma'aikaciyar jinya ya ce, "Ikon Allah, ashe haka fari yake." Ya dubi hannun rigarsa da Inna ta cika wa bula, ya yi dariya har da tari. Muka fito yana ta nuna abubuwa kamar baƙo, ga sama, ga ganyen mangwaro, ga rufin wani gini.

Sai muka iso inda aka ajiye mota. Hantsi ne, rana tana dukan gefenta.

Ya tsaya cak. Ya saki hannuna. Ya matsa gaban ƙofar ya duba, ya dafa gwiwarsa mai ciwo ya tsuguna da ƙyar ya duba ta gefe, ya miƙe ya ja da baya. Maigidana ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli.

"Ba wanda ya sake taɓa ƙofar nan bayan ni?"

"Babu, Baba," maigidana ya amsa.

"Haka take tun ranar?"

Ya juyo da idon nan guda, ja, yana hawayen magani, ya dube ni.

"Uwata, ranar nan kin gani?"

"Na gani, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na zaci zai yi faɗa, har na fi son ya yi. Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Mota nawa na yi bayan wannan?" Sannan ya juya wajen maigidana, dattijo mai furfura a gaban mijin 'yarsa, ya ce, "Ka yi haƙuri, na ɓata maka mota, ka yi shekara kana yawo da kunyata." Maigidana ya durƙusa a kan kwalta yana cewa subhanallahi, Baba, subhanallahi. Ni na fashe da kuka a gaban mutane.

A ranar na roƙe shi gafara a gaban Inna. Na ce tausayi ne ya sa. Ya ce ya sani, ya kuma yafe, duniya da lahira. Na san har zuciyarsa ya faɗa, don bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, bai daina ce mini uwata ba, bai daina ajiye mini tsire in zan zo ba.

Da likita ya sallame shi bayan an yi ido na biyu, abin da ya fara nema shi ne a kawo motar. Ya sa Yaya ya kankare ƙofar har ƙasa. Kwana uku yana gwaji, kwano ya taru a gabansa, bai bar wa kowa bindigar ba. Ranar da aka gama na zo tun da sassafe, na yi kwalliya kamar mai zuwa biki, na tsaya kusa da rumfa inda zai gan ni. Aka turo mota fili. Ya yi dubansa uku, ya tsaya yana shafa gemu, na san lokacin kira ya yi. Har na gyara mayafi.

Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da wata Bafulatana da ke wucewa da ƙwaryar nono a ka. Ba mu taɓa ganinta ba.

"Baiwar Allah, don Allah ɗan tsaya. Ƙofa ɗaya aka sake wa fenti a motar nan. Nuna mini wacce ce."

Matar ta ɗauka wasa ne, ta yi dariya, ta sauke ƙwarya. Ta zagaya motar sau biyu, ta leƙa, ta ja baya, ta nuna ƙofar direba. Ya ce ba ita ba ce. Ta nuna ta ɗaya gefen. Ya ce ba ita ba ce. Ta ce, "To ni kam Baffa duk ɗaya nake gani." Baba ya yi hamdala, ya sa aka sayi nononta.

Yaya ya kasa daurewa, ya ce a hankali, "Baba, ga ta nan tsaye fa."

"Na gan ta," in ji Baba, ba tare da fushi ba. "Ita tana sona. Waccan kuwa ba ta san ni ba, ba za ta ji tausayina ba."

Daga inda nake tsaye na duba ƙofar. Ta dace, gaba da gefe da nesa, ko ni ba zan iya cewa ga inda sabon fenti ya tsaya ba. A duk ayyukansa ban ga wanda ya fi shi ba, kuma shi ne na ƙarshe, don bayan wata bakwai ƙirjin ya kwantar da shi. Na so in ce masa ya yi, Baba, wannan karon da gaske. Ba a tambaye ni ba, kuma na san ko na faɗa ba ta da sauran nauyi a wurinsa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabari Ka cika shi da haske. Ni kuma Ka yafe mini kalma biyun nan.